Sola a Arewa: rana ba ta da tsada, dare ne ke cin kuɗi

A ƙarshen watan Oktoba na 2024, jihohin Arewa 17 sun yi fiye da mako guda babu wutar lantarki. Tun kafin lokacin ɓata-gari sun lalata babban layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, aka koma dogaro da wanda ya taso daga Ugwuaji a jihar Enugu ya biyo ta Apir a jihar Binuwai. Ranar 21 ga watan shi ma ya ɗauke. Masu ƙanƙara suka tsaya cak, masu niƙa da masu walda suka koma kan janareta, kuɗin cajin waya ya tashi, famfunan unguwanni suka bushe. Mutanen Maiduguri sun riga kowa sanin wannan hali, domin tun Janairun 2021 da aka rusa turakun layin Damaturu suka daɗe a duhu, har sai da aka gina musu ƙaramar tashar iskar gas mai megawat 50 a 2023.

Abin da ya faru ba tsautsayi ba ne kawai, haka tsarin yake. Yawancin tashoshin da ke samar da wuta a Najeriya na iskar gas ne, kuma suna Kudu inda gas ɗin yake. Madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru suna yankin jihar Neja. Kano da Katsina da Sakkwato da Borno suna can ƙarshen waya, wutar sai ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ta ratsa dazuzzukan da ba su da tsaro kafin ta iso. Ga shi ita kanta wutar ba ta da yawa: ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 tana rarraba megawat 4,000 zuwa 5,000 a yawancin ranaku. Amma yankin da ya fi nisa da tashoshin nan shi ne ya fi kowane yanki samun hasken rana. A Kano ko Sakkwato, farantin sola yana samun kwatankwacin awa 6 na cikakkiyar rana a yini, a gaɓar teku kuwa wajen awa 4 ne.

Ba wa'azin kare muhalli ne ya sa mutane suka rungumi sola ba, kuma ni ban ga aibu a hakan ba. Lissafi ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ƙaramin janareta da ƙyar yake fitar da yunit biyu na wuta daga lita ɗaya, ke nan a ƙarshen 2024 mai shago yana sayen kowane yunit a naira 500 ko fiye, ban da kuɗin baƙin mai da na makanike. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin farko, wato Band A, waɗanda suka fi kowa samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, kafin a ɗan sassauta. A gefe guda farashin farantin sola a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, ya kuma ci gaba da sauka saboda yawan abin da masana'antun Sin ke fitarwa. Ko da faɗuwar darajar naira ta cinye wani ɓangare na wannan sauƙi, faranti ya zama abin da talaka mai ɗan hali zai iya tunanin saya. Shi ya sa yau ko'ina ka ɗaga kai sai ka ga baƙin gilashi a kan rufin kwano, daga masallacin unguwa har rumfar mai cajin waya.

Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne yadda muke amfani da abin. Yawancinmu idan an ce sola, hoton da ke zuwa mana shi ne gida mai fitila da fanka da talabijin da firji suna aiki da dare lokacin da maƙwabta ke duhu. Wato muna so sola ta zama Nepa ta biyu. To a nan kuɗin yake narkewa, domin faranti ba ya ajiye komai. Da rana ta faɗi aikinsa ya ƙare. Duk wutar da za a sha da dare sai an tara ta a batir, batir kuwa shi ne mafi tsada a cikin kayan, kuma shi ne ke fara mutuwa.

A duba lissafin. Faranti mai wat 500 a Kano zai ba da yunit 2 zuwa 2 da rabi a yini mai kyau. Babban batir na ruwa, irin mai bolt 12 da amfiya 200 da ake gani a gidaje, yana ɗaukar yunit 2.4 a rubuce. Amma irin wannan batir ba a zuƙe shi fiye da rabi, in ba haka ba kwanansa ya gajarta. Ke nan abin da za ka iya ci a cikinsa yunit 1.2 ne. Kafin ka ajiye abin da faranti ɗaya ya samar a yini, sai ka tanadi batir biyu, kowanne kuma ya fi farantin tsada nesa ba kusa ba. Farantin na iya yin shekara 25 yana aiki. Batir ɗin in an yi sa'a ya yi shekara 3 ko 4, in an matsa masa ko shekara 2 ba zai kai ba. Sannan ga zafi. An auna ƙarfin waɗannan batura ne a ma'aunin zafi 25, kuma duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana rage tsawon rayuwarsu da kusan rabi. Wanda ya san ɗakin ajiya mai rufin kwano a Nguru ko Birnin Ƙonni a watan Afrilu ya san abin da wannan ke nufi. Batirin lithium ya fi juriya, ana iya zuƙe shi sosai, yana kuma yin zagaye dubbai kafin ya gaji, farashinsa ma yana ta sauka. Sai dai kuɗin farko da yake nema har yanzu ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Shi kansa farantin zafi yana rage masa ƙarfi, ƙurar hunturu kuma tana rufe masa fuska, amma wannan mai sauƙi ne: a bar iska ta riƙa bi ta ƙarƙashinsa, a riƙa goge shi da ruwa da sassafe. Matsalar batir ce ba ta da irin wannan magani. Fitilun kan titi na sola da 'yan majalisa ke kafawa a mazaɓu sun isa shaida. Shekarar farko gari ya haskaka, a ta uku sai turaku a tsaye, farantan lafiyarsu ƙalau, baturan sun mutu ko an kwance su, ba a kuma ware ko kwabo don sauya su ba.

Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika magana a kansa ba. Masu iya sayen cikakken tsari, faranti da batir da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta dace da kayan gida), su ne masu kuɗi da manyan ma'aikatu, wato waɗanda a da su ne ke biyan kamfanin raba wuta kuɗi mai kauri. Jami'ar Bayero ta samu tasharta mai megawat 7.1 tun 2019. A kasafin 2025 an ware naira biliyan 10 don sanya wa fadar shugaban ƙasa sola. Ba na zargin kowa da neman mafita, amma duk lokacin da mai biya da yawa ya fice, kamfanin raba wuta yana rasa kuɗin gyaran taransifoma da sauya waya, waɗanda suka rage a kan layin kuwa su ne marasa ƙarfi. Idan aka bar abin ya tafi a haka, za mu wayi gari unguwar masu hali tana da wuta awa 24, unguwar talaka kuma wutarta ta fi ta da lalacewa.

Amma da za mu juya tambayar, mu ce wane aiki ne ake yi da rana tsaka wanda yanzu fetur ko dizal ke yi, sai lissafin ya canza gaba ɗaya. Babba a cikinsu shi ne ban-ruwa.

Tun farkon shekarun 1990, shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa ya yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa masu shan fetur da rijiyoyin bututu marasa zurfi a fadamun Arewa. Wannan ne ya faɗaɗa noman rani daga wuraren da ke da madatsa, irin su Kadawa da ke shan ruwan Tiga ko Bakolori a Talata Mafara, zuwa duk inda ruwa ke kusa da ƙasa. Shinkafar Kebbi, alkamar Jigawa, tumatir da attaruhun Kano da Katsina, albasar Aliero, duk a kan wannan ƙaramin inji suka tsaya. A Nijar ma haka: albasar Galmi, lambunan Gulbin Maraɗi, kwarin Korama a Damagaram. Injin yana da arha a saya, amma kullum sai an ciyar da shi, kuma an gina lissafin noman ne a kan fetur mai tallafi. Da tallafin ya tafi, kuɗin mai ya zama ɗaya daga cikin manyan kuɗaɗen da manomin rani ke kashewa, musamman mai shinkafa, wadda ba ta haƙuri da ƙishirwa. Wasu suka rage faɗin gona. Wasu suka kai injinan wajen makanikai aka sauya musu kai suka koma shan iskar gas ta girki, dabara ce mai kyau, sai dai ita ma gas ɗin farashinta bai tsaya ba.

Injin ban-ruwa na sola ba ya buƙatar batir ko ɗaya. Faranti ne, da ɗan akwatin da ke daidaita wuta, da famfo. Rana ta fito ruwa ya fara zuba, ta yi tsaka ya yi ƙarfi, ta karkata ya ragu. Watannin da gona ta fi neman ruwa, daga Nuwamba zuwa Mayu, su ne watannin da babu hadari a sama. Idan ma ana son ajiya, ruwan ake ajiyewa a tanki ko a kududdufi a kan tudu, ya gangaro da kansa da yamma. Tankin ruwa bai san mutuwa bayan shekara 3 ba. Wannan shi ne sirrin rijiyoyin burtsatse na sola da suka daɗe suna aiki a ƙauyuka alhali fitilun da aka kafa tare da su sun daɗe da mutuwa.

Irin wannan tunani ne ya gyara harkar ajiye allurar rigakafi. Firjin sola na da yana da batir, kuma batirin ne ke kashe shi. Na yanzu, wanda ake rabawa ƙananan asibitoci, yana haɗe da faranti kai tsaye, da rana yana daskarar da ruwan da ke cikin bangonsa, ƙanƙarar ce ke riƙe sanyi har gari ya waye, har ma a yi kwanaki ana hadari bai huce ba. Sanyi ake ajiyewa, ba wuta ba. Wannan ya tuna mini da Malam Mohammed Bah Abba, malamin kwalejin kimiyya da fasaha a Jigawa, wanda ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don kayan lambu su daɗe, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Bai nemi ya kwaikwayi firjin birni ba, ya dubi busasshiyar iskarmu ya ga abin da za ta iya yi. Mai sana'ar ƙanƙara, mai niƙa da markaɗe, tela, mai aski, mai gyaran waya, mai sayar da magani a kasuwa, duk yawancin aikinsu tsakanin hantsi ne da la'asar. Shi ya sa kasuwa ta fi gida dacewa da sola, kuma aikin da aka fara a kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2018 ya bi hanyar da ta dace: rumfuna suna cin wuta daidai lokacin da ake samar da ita, ɗan batirin da ake buƙata kaɗan ne.

Ban ce famfon sola ba shi da haɗari ba. Manomin da ke sayen fetur yana kashe inji da zarar gona ta ƙoshi, domin kowane minti kuɗi ne. Wanda ruwansa ke zuwa kyauta ba shi da wannan birki. A wasu sassan Indiya da Yaman an ga yadda famfunan sola suka ƙara saurin janye ruwan ƙarƙashin ƙasa. Fadamunmu ruwan ambaliyar damina ne ke sake cika su, kuma mun riga mun ga abin da ya samu dausayin Haɗeja da Nguru bayan da madatsun Tiga da Challawa suka rage ambaliyar da ke isa can. Idan dubban famfuna suka yi ta zuƙa daga safe zuwa yamma ba tare da kowa yana auna zurfin ruwan ba, wanda rijiyarsa ta fi gajarta shi zai fara rasa ruwa, kuma shi ne mafi talauci. Hukumomin raya kogunan Haɗeja da Jama'are da na Sakkwato da Rima ya kamata su fara wannan awo tun yanzu, kafin abin ya yi nisa.

To me ya hana kowane manomi sauyawa? Kuɗin farko. Injin fetur ka saya da arha ka yi ta biya kullum, na sola kuwa sai ka biya kuɗin man shekaru a rana ɗaya. Manomin da ke neman bashin taki ba shi da wannan dunƙulen kuɗi, ko da ya san cewa cikin 'yan kakanni abin zai mayar da kuɗinsa. Banki ba ya ba shi rance saboda ba shi da takardar fili, in ma an ba shi, da yawa daga cikin mutanenmu ba za su karɓi bashi mai ruwa ba, kuma suna da hujjarsu ta addini. A ganina nan ne bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suke da babban aikin da ba su yi ba tukuna. Famfon sola kaya ne da ake gani ake taɓawa, ana iya sayensa a sayar wa manomi da riba sananniya ya biya bayan girbi, ko a ba shi haya har ya mallaka. Babu abin da ya fi wannan dacewa da murabaha da ijara. Ƙungiyoyin manoma ma suna iya yin adashensa, tunda famfo ɗaya kan ishi ƙananan gonaki biyu ko uku da ke maƙwabtaka. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda hukumar samar da wuta a karkara, REA, ke gudanarwa da burin kai wuta ga mutane miliyan 17.5. Ma'aunin da zan auna shirin da shi shi ne yawan injinan niƙa da famfuna da ɗakunan sanyi da suka koma sola, ba yawan ƙwayayen fitila ba. Ƙaramar tashar ƙauye da fitila da cajin waya kawai ake yi da ita ba ta tara kuɗin da zai sauya baturanta.

Batun manyan tashoshi kuwa labari ne mai ɓacin rai. A 2016 gwamnatin tarayya ta sa hannu da kamfanoni 14 kan gina tashoshin sola da jimillarsu ta haura megawat 1,100, akasarinsu a Arewa, ciki har da Katsina da Jigawa da Bauchi da Sakkwato. Aka yi ta jayayya kan farashin da aka amince, senti 11.5 na dala kowane yunit, da kuma lamunin da gwamnati za ta tsaya musu, har shekaru suka shuɗe ba a gina su ba. Abin da Arewa ta samu a kan babban layi shi ne tashar Kumbotso mai megawat 10 da aka ƙaddamar a Janairun 2023. Nijar, wadda ba ta kai mu kuɗi ba, tana da megawat 7 a Malbaza tun 2018, da megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai. Da Najeriya ta yanke mata wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga nan take saya, tashar Gorou Banda na cikin abin da ya rage wa Yamai raɗaɗi da rana. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohin Najeriya ikon tsara kasuwar wutarsu. Gwamnonin Arewa ba su da sauran uzurin jiran Abuja. Tasha mai megawat 20 ko 30 a gefen Sharaɗa ko Bompai a Kano, wadda za ta ciyar da masana'antu da rana ba tare da batir ba, ta fi ƙarfin magana, kuma wutar madatsun ruwa da aka huta da ita da rana ana iya sakinta da dare.

An kuma yi maganar hana shigo da faranti daga waje a 2025 don ƙarfafa masu haɗawa a gida. Niyyar mai kyau ce, amma abin da ake haɗawa a ƙasar bai kusa isar masu nema ba, hanin zai ƙara tsada ne kawai a kan manomi. Abin da ya fi gaggawa shi ne tsare inganci. Kasuwa cike take da faranti da aka rubuta masa wat ɗin da bai kai ba, da tsofaffin batura da aka yi wa sabon kwali, da masu haɗawa da ba su koyi aikin ba, suna sa siririyar waya inda ake buƙatar mai kauri har gobara ta tashi.

Saura batun da ya fi tayar mini da hankali. Kowane babban batir na ruwa yana ɗauke da dalma kilo da yawa, da ruwan asid. Idan ya mutu, 'yan gwangwan ne ke saye. Sau da yawa a nan cikin unguwa ake fasa shi, a tsiyaye ruwan a ƙasa ko a kwata, a tara dalmar a tura wa masu narkarwa, wasu ma su narka da kansu a buɗaɗɗen wuri. Mu a Arewa ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar dalma da ke cikin duwatsun zinare da ake dakawa a cikin gidaje. A Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008, su kuwa kai tsaye daga fasa tsofaffin batura ne. A Ogijo ta jihar Ogun, inda masana'antun narka batir suka taru, gwaje-gwaje sun nuna dalma mai yawa a jinin mazauna wurin. Yaron da ya shaƙa bai zama lallai ya mutu ba, amma ƙwaƙwalwarsa na iya taɓuwa har abada, kuma iyayensa ba za su san dalili ba.

Baturan da aka saya a guguwar 2023 da 2024 yanzu ne za su fara mutuwa da yawa. Hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a 2024, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa da su alhakin tattara tsofaffi. Dokar tana takarda, amma a kasuwannin Kano da Kaduna da Maiduguri har yanzu ɗan gwangwan ne ke yanke hukuncin inda mataccen batir zai ƙare. Hanya mafi sauƙi ita ce dillalin da ya sayar da sabo ya karɓi tsoho a farashin da ya fi na ɗan gwangwan, a kai shi ba a fasa ba zuwa masana'antar da aka tantance. Su kansu 'yan gwangwan ba abokan gaba ba ne, su ne suka san kowane lungu, ana iya biyansu su kawo batirin a rufe da ruwansa a ciki. Jihohin Kano da Kaduna, inda dillalan suka fi yawa, suna iya fara wannan da hukumomin muhallinsu ba tare da jiran wata sabuwar doka ba.